Kafin ka ba baƙo aron gefen gona

Wani matashi daga yankin Kebbe ya shigo ofishina da takardar rabon gado a hannu, ransa a ɓace. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Lauya, gonarmu ta, aro baba ya ba su." Na tambaye shi wa ya shaida aron. Ya ambaci mutum biyu, duk sun rasu.

Shekaru goma sha biyu da suka wuce wani magidanci ya tsero da iyalinsa daga ɓangaren Zamfara. Mahaifin yaron ya tausaya masa, ya nuna masa gefen gona ya ce ya kafa bukka kafin ƙura ta lafa. Bukkar kara da zana ce a farko. Da damina ta yi biyu aka tayar da ɗakin ƙasa, aka gina rijiya, aka dasa darbejiya uku. Ranar da na je wurin na zauna a inuwarsu, kuma kowace ta fi ƙarfin in rungume ta da hannu ɗaya. Tsoho bai taɓa cewa uffan ba har ya koma ga Allah.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jihar Sakkwato suke hukunci da shi, akwai abin da ake kira hauzi. Idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana gini da dashe, mai shi yana gari, yana gani, bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, da'awarsa tana iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40. Aro ba ya zama hauzi komai daɗewarsa, amma wanda ya ce aro ne, shi zai kawo shaida. A nan yawancin magada suke tuntuɓe.

Iyayenmu sun saba saukar da Fulani a gona da rani domin taki, ba a taɓa buƙatar takarda ba, saboda ruwan farko yana sauka ruga take tashi. Wanda 'yan bindiga suka koro bai san ranar komawa ba.

Kada wani ya fahimce ni da cewa a rufe ƙofa. A sauki bayin Allah, lada ne. Sai dai ranar da za ka nuna wurin, ka kira mai unguwa da liman da shaidu, a sa matasa a ciki, kada a tara tsofaffi zalla. A rubuta cewa aro ne, da boko ko da ajami, a faɗi iyaka, a faɗi ko an yarda da ginin ƙasa. Kowace kaka a sabunta maganar, ko da damin gero ɗaya baƙon zai kawo a gaban mutane. Hakimi ma ya san wanda ya sauka, ganin halin da tsaro yake ciki.

Takardar tana kare baƙon shi ma: a rubuta cewa ba za a tashe shi da shuka a ƙasa ba sai ya girbe.

Mutanen Dogon Daji, Jabo, Sanyinna, Kuchi da kewaye, wanda yake da baƙi a gonarsa yanzu ya tara shaidu tun shi da su suna gaisawa da fara'a.