Kafin ka hau jirgin ƙasan Indiya da mara lafiya

Aikina tafinta ne da rakiyar marasa lafiya a Delhi, kuma galibin waɗanda nake yi wa hidima 'yan uwanmu ne daga Najeriya da Nijar. Idan likita ya tura mutum wani gari, kuɗin jirgin sama kuma ya gagara, jirgin ƙasa ake komawa. A nan nake ganin mutanenmu suna shan wahalar da bai kamata su sha ba, don kawai babu wanda ya yi musu bayani.

Duba tikitinka da kyau. In ka ga WL, layin jira kake, ba ka da wuri tukuna. Wanda aka saya ta intanet ma soke shi ake yi idan aka fitar da jerin fasinjoji bai tabbata ba. RAC zai shigar da kai jirgi, amma gado ɗaya za ku raba da wani, a zaune. Wanda aka yi wa tiyata CNF yake buƙata, wato tikitin da wurinsa ya tabbata. Tun Nuwamban 2024 kwana 60 kafin tafiya ake buɗe sayar da tikiti, don haka da zarar asibiti ya sa rana, a saya. A kuma karanta sunan tasha, domin Delhi tana da New Delhi, da Old Delhi, da Hazrat Nizamuddin, da Anand Vihar, kuma akwai tazara a tsakaninsu. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce an soke jirginka, wuce shi ka je ka duba allo.

Babbar rigimar a kan gado take. A taragon 3AC gadaje uku ne a jere, ƙasa da tsakiya da sama. Na tsakiya ninke shi ake yi da rana ya zama majingina, ba a shimfiɗa shi sai daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A sauran lokacin, gadon ƙasa wurin zaman ku uku ne. Sau da yawa dattijonmu zai kwanta, Ba'indiye ya zo ya zauna wajen ƙafarsa, sai ran 'ya'yan dattijon ya ɓaci, a ɗauka raini ne. Wallahi ba raini ba ne, haƙƙinsa ne. Abin da nake yi shi ne in gaida maƙwabtan tun jirgi bai tashi ba, in nuna takardar asibiti, in roƙi alfarma. Da wuya ka ga an ƙi. Na sha ganin saurayi ya bar wa baiwar Allah gadonsa na ƙasa ya haye sama. In aljihu zai ɗauka, 2AC ya fi, don babu gadon tsakiya, ga labule.

Za a kalle ka, za a tambaye ka ƙasarka, da yawan 'ya'yanka, wani har ya nemi ku ɗauki hoto. Amsa da fara'a abin da za ka iya. Abinci kuwa a yi hattara ta fuska biyu. Fasinjoji da yawa ba sa cin nama sam, saboda haka kada ka buɗe kilishi ko dambu a gaban iyali ba ka nemi izini ba. Su ma za su miƙo maka nasu, kuma yawanci da zuciya ɗaya ne, sai dai hukumar jirgin da kanta tana gargaɗi kan ɓarayin da ke sa maganin barci a shayi ko biskit. Ɗora hannu a ƙirji, ka ce likita ya hana.

Salla a yi ta a kan gado, kada a shimfiɗa darduma a hanyar wucewa. Fasfo da magunguna da takardun asibiti su kwana a jikinka, babbar jaka kuma a ɗaure ta da sarƙa a ƙarƙashin gado. Idan jikin mara lafiya ya rikice a hanya, nemi mai duba tikiti, za ka gane shi da baƙar kwat, ko ka kira 139, za a iya shirya likita ya tarye ku a tasha ta gaba.