Darasin Wannan Mako: Kuɗin Masauki Ba Duka Ne Namu Ba

Saukar baƙi tsohuwar sana'armu ce. Tun zamanin fataucin goro da shanu, mai gida ne ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa. Abin da ya sauya shi ne yanzu wasunmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun gyara ɗakuna, sun sa katifa da fanka, suna karɓar kuɗi kwana-kwana. To daga ranar da ka yanka farashin dare, a idon gwamnatin Legas ka shiga sahun masu otal, ko da ɗaki biyu ne kacal.

Jihar Legas tana da doka tun 2009 da ta ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin kwana a otal da gidan baƙi da ɗakunan haya na ƴan kwanaki. Hukumar harajin jiha, LIRS, ita ke karɓa. Abin lura a nan: baƙo ne ke biya, mai masauki karɓa kawai yake yi ya miƙa duk wata. Idan ɗakinka naira 20,000 ne a dare, baƙo zai ba da 21,000. Dubu ɗayan nan ba ribarka ba ce, ajiya ce a hannunka. Mun san halinmu, kuɗi in ya kwana a aljihu sai ya zama na cefane. Amma wanda ya karɓa da sunan haraji ya haɗiye, ya ci amanar baƙo, ga kuma tara tana jiransa. Wanda bai karɓa ba ma bai tsira ba, daga aljihunsa zai cika ranar da aka zo.

Ɗan'uwan da ka saukar don zumunci ba ka karɓi sisi ba, babu ruwansa da wannan. Haka ma ɗan hayar shekara.

Sai harajin fili da gini, wanda suke kira Land Use Charge, da mai gida ke biya shekara-shekara. Gidan da mutum ke zaune da iyalinsa kuɗinsa bai kai na gidan kasuwanci ba, don haka mai son mayar da gida masauki ya sa wannan a lissafi tun kafin ya sayi katifa. Rajistar masauki kuma ta jiha ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihohi wannan iko a 2013.

Masu ƙwanƙwasa ƙofa da riga mai tambari suna cewa a ba su a hannu, kada a ba su. A biya ta banki, a karɓi rasit, a adana. Wanda aka kawo wa takarda bai gane Turancinta ba, ya zo da ita bayan la'asar, akwai matasanmu da za su karanta masa.