Jigo, Almakashi ko Tsani: Zaɓen Maɗagin Saƙago Mai Jera Kaya

Gabatarwa

A nan Jami'ar Maiduguri, harabar da ke kan titin Bama ta haɗa masu nazarin harshe da masu karatun injiniya, amma da wuya ka ji an tattauna aikin injiniya da Hausa tsantsa na tsawon minti biyar. Wannan maƙala za ta ɗauki matsala guda daga fagen gasar saƙago, wato na'urar nan da wasu ke kira mutum-mutumi, ta warware ta da Hausa. Matsalar ita ce: idan aikin saƙago shi ne ɗora kaya bisa kaya, wane irin abin ɗagawa ya kamata a ƙera masa? Na kira abin da suna maɗagi, bisa tsarin sunayen kayan aiki masu ɗafa-goshin ma-, kamar mabuɗi da magirbi da masassabi.

Yadda gasar take

Irin wannan gasa ta fi ƙarfi a Amurka, ta kuma bazu cikin duniya. A 2015 gasar FIRST ta sa ɗalibai jera akwatunan roba a wasan da aka kira Recycle Rush. Gasar VEX kuwa, a kakar 2017 zuwa 2018, ta kawo wasan In the Zone, inda ake kifa mazurari bisa mazurari. A ƙa'idar VEX, kafin a fara wasa dole saƙago ya shige cikin inci 18 ta kowace fuska, wato kusan santimita 46, kuma wasan duka minti 2 ne. Ke nan ana son abu gajere a farko, dogo a tsakiyar wasa, mai sauri, wanda kuma ba zai kife ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar kifi ta titin Baga ya ga yadda 'yan dako ke jera kwalayen banda, ya san sirrin aikin: kwalin sama a kwance ake ajiye shi, a hankali, daidai bisa na ƙasa.

Jigo

Mafi sauƙin maɗagi shi ne sanda guda mai juyawa a kan ƙusa. Manoman rani sun san shi tun kafin zuwan injin ban-ruwa, domin jigo ke nan: doguwar sanda, guga a gaba, curin laka ko dutse a baya. Darussa biyu ke cikinsa. Na farko, nauyin baya yana rage wa mai ɗagawa wahala, kuma a saƙago robar ɗaure kuɗi ce ke wannan aiki. Na biyu, in aka ninka tsawon sanda, ƙarfin murɗawar da injin ke buƙata shi ma ya ninku. Shi ya sa ake sa ƙaramar giya mai haƙori 12 ta juya babba mai haƙori 60, ƙarfi ya ƙaru sau 5, sauri ya ragu sau 5. Mai haƙori 84 tana ba da sau 7.

Sai dai jigo yana da aibi. Gugan manomi a igiya yake reto, don haka ruwa ba ya zuba. Hannun saƙago kuwa a ɗaure yake da sanda, tana tashi yana karkata, sai kaya su iso sama a gicciye. Maganin wannan shi ne a jera sanda biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, a haɗa bakunansu da wasu gajeru biyu. Siffar da ta fito, duk yadda ta motsa, gefen gaba yana nan a tsaye, kaya kuma a kwance. Wannan na kira shi jigo mai sanda huɗu. A ganina, ƙungiyar da ke shiga gasa karon farko ba ta da dalilin wuce nan, muddin tsawonsa ya kai inda ake so.

Saura aibi ɗaya: bakin jigo baka yake zanawa a iska, ba miƙaƙƙen layi ba. A tsakiyar tafiya kaya suna yin gaba, nauyi ya rinjaya, saƙago ya nemi faɗuwa ta goshi. Masu ƙira suka ɗora jigo na biyu bisa na farko, suka juya fuskarsa baya. Na ƙasa ya kauce baya, na sama ya kauce gaba, kaucewar biyu ta kashe juna, sai kaya su tashi kusan a miƙe. Wannan ƙira ta yi tashe sosai a wasan In the Zone.

Almakashi da tsani

Maɗagin almakashi kowa ya san shi a jak ɗin ƙaramar mota. Yana naɗewa ya kwanta, yana kuma tashi a miƙe, abin sha'awa a ido. Ni dai ban cika ba da shawararsa ba. Lokacin da yake kwance ne ya fi buƙatar ƙarfi, kuma kowace mahaɗa tana da ɗan sako-sako. In mahaɗa ta yi yawa, sai ƙololuwar ta riƙa lilo.

Maɗagin tsani kuwa dogayen ƙarafa ne masu zamewa cikin juna, sarƙa ko igiya na jan su sama. Ya fi kowa miƙewa, kuma shi ne ƙungiyoyi da yawa suka ɗauka a Recycle Rush. Amma rayuwarsa ta dogara ga santsi. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati a kulle, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Haka ma zafin bazararmu yana saurin gajiyar da robar jigo, sai dai canza roba ya fi wanke tsani araha.

Wani abin lura ya faru a wasan Tower Takeover na kakar 2019 zuwa 2020. Ƙungiyoyi da dama ba su ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya ba. Sun tara su a kan dogon faranti mai jingine, sa'an nan suka miƙar da farantin, jeri guda ya tsaya lokaci ɗaya. Don haka tambayoyin farko su ne: nawa ne tsawon jerin, nawa ne nauyin kayan, injuna nawa suka rage bayan an ba tayoyi nasu?

Batun suna

Ɗan'uwa ɗalibi zai lura cewa ban ari sunan ko ɗaya daga cikin maɗagan nan ba. Almakashi da tsani fassara ce ta siffa, jigo kuwa faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma ce. Wanda ya fi wuyar raɗa wa suna shi ne jigo biyun nan masu juya wa juna baya. Bayanin ya fito da aikinsa, amma ya yi tsawo ga matashin da ke ihu a filin gasa saura daƙiƙa 10. Na fi karkata ga tagwan jigo, ko da yake bai nuna cewa ɗaya gaba ya dosa ɗaya baya ba. Mai jin kalmar ba zai san haka ba sai malami ya zana masa a allo.