Darasin Kasuwanci: Zaɓen Kyamarar Farko Ga Mai Fara Sana'ar Hoto

KAURU: Ɗaukar hoto na cikin ƙananan sana'o'in da matashi zai iya shiga da ɗan jari a Ƙaramar Hukumar Kauru da sauran sassan kudancin Jihar Kaduna. Duk da yaɗuwar wayar hannu, ana neman mai hoto a bikin aure da na suna, da lokutan Sallah da Kirsimeti, da manyan bukukuwa irin su Afan, wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Akwai kuma hoton fasfo, wanda ɗalibai da masu neman aiki ke buƙata a kowane lokaci.

Sai dai tun da darajar Naira ta faɗi bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su daga waje sun ƙara tsada. Saboda haka kuskure wajen sayen kyamara yana iya cinye jarin mai farawa baki ɗaya. Babbar ƙa'idar ita ce kada a zuba dukkan kuɗin a kan kyamarar kaɗai, domin ba ita kaɗai ke kawo ciniki ba.

Abu na farko da za a duba shi ne ƙarfin batir. A ƙauyukan da babu tabbacin wutar lantarki, kyamarar da ta mutu ana tsakiyar biki ta jawo asarar kuɗi da ta mutunci. Kyamarori masu madubi a ciki, waɗanda ake kira DSLR, sun fi marasa madubi jimirin caji. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, tana ɗaukar hoto kimanin 1,550 a caji ɗaya bisa ma'aunin masana'antun kyamara, yayin da Canon EOS 2000D ta wannan shekarar ke ɗaukar kimanin 500. Dukkansu biyu suna fitar da hoto mai tsabta da ya isa a wanke shi babba.

Na biyu shi ne gilashin gaba. Wanda ake haɗawa da kyamara, mai lamba 18-55, ya wadatar wajen hoton taro. Daga baya sai a ƙara mai lamba 50, wanda ba shi da tsada, yana kuma aiki a ɗaki mai ƙarancin haske tare da fito da fuska sosai. Tun da fari a lura cewa gilashin Canon ba ya hawa kan Nikon kai tsaye, don haka wanda ya zaɓi kamfani ya zaɓi kayan da zai ci gaba da saye.

Na uku, ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa sauƙi ga mai ƙaramin jari, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wajibi ne mai saye ya bincika adadin hotunan da ta riga ta ɗauka, domin ƙananan kyamarori irin waɗannan galibi an ƙiyasta ƙofar haskensu za ta jure ɗauka kimanin 100,000. Ya haska tocila cikin gilashin ya nemi funfuna, wadda laimar damina ke haifarwa. Ya ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, domin ɗigon ƙurar hunturu da ta shiga ciki ya bayyana. Kada ya biya sai ya gwada, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar kyamarar, don kauce wa kayan sata.

Ragowar jarin sai a raba shi wajen batir na biyu, da katin ajiye hoto guda biyu, da fitilar hoto, da jaka mai rufi. Ƙaramar na'urar buga hoto irin Canon Selphy tana ba mai sana'a damar miƙa hoto nan take, maimakon biyan kuɗin mota zuwa Kafanchan ko Kaduna.

Kafin a kai kuɗi kasuwa, a tara farashin kayan duka, a raba da ribar da ake sa ran samu daga biki ɗaya bayan an cire kuɗin mota, da takarda, da caji. Sakamakon shi ne adadin bukukuwan da za su mayar da jari. Idan ya zarce abin da mutum zai iya samu a shekara guda, to a nemi kyamara mai rahusa, ko a fara da haya.