Filin Shawarwari: An Ɗora Mini Koyar da Rawa, Ga BEPC a Gabana

Gwaggo,

Ni ɗaliba ce a wata kwaleji a ƙasar Korgom, cikin gundumar Tasawa. Shekarata 17, ina turwaziyem, bana zan zauna jarrabawar BEPC in Allah ya kai mu. Bayan hutun zango na biyu aka ce za a yi bikin ƙarshen shekara, da wasan kwaikwayo da kacici-kacici da kokowa da rawa. Da yake an saba ganina ina takawa a gidajen biki, sai mushen da ke kula da shirin ya tara mini ƴan sizyem da ƴan sankyem 22, ya ce, "Ke kika iya, ki ji da su." Tun daga ranar bai sake leƙo mu ba.

Muna haɗuwa Laraba da Asabar bayan la'asar, ƙarƙashin wani gawo a bayan azuzuwa. Da farko gaɗa na so mu yi, sai yaran suka kwashe da dariya, wai rawar kakanni ce. Su abin da suke so shi ne wanda suke gani a wayar yayyensu, na TikTok da na finafinan Kano. Na ga in ban bi su ba za su watse, sai na ari waya da ƴar lasifika, muke biyan kuɗin caji. Ashe wani yaro ya laɓe bayan darni ya ɗauke mu, ya sa a WhatsApp. Baffan wata yarinya ya gani, shi ke riƙon ta tun rasuwar mahaifinta. Ya zo har bakin gawon ya tasa ta gaba, yana cewa dama ya san iskanci ake koyarwa a lakwal. Yau kwana tara ba ta zo aji ba, kuma ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu. Wasu biyar ma iyayensu sun hana su zuwa rawar.

Waɗanda suka rage ba sa jin maganata. Wata akwai ta, ƙafarta ba ta taɓa faɗawa kan kiɗa ba, ran nan haushi ya kama ni na tsula mata tsumagiya, har yanzu abin yana damuna. Ga kuɗin anko da na karɓa, dala ɗari-ɗari, jika goma sha ɗaya ke nan, suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gadon innata. A jarrabawar gwaji makina ya sauka sosai. Inna ta ce in wanke hannuna. In na bari, za a ce na ci kuɗi kuma na kasa. In na ci gaba, ban san wa za a sake cirewa ba. Kuma Gwaggo, gaskiya ina son rawar nan. Yaya zan yi?

Ɗiyarki, daga ƙasar Korgom.

*

Ɗiyata,

Kin sa babbar magana a tsakiyar wasiƙa kin wuce ta da sauri, ni kuwa a nan na tsaya. Yarinya kwana tara ba ta zo aji ba. Biki in bai yiwu bana ba, baɗi na nan. Amma ƴar sankyem da ta zauna gida wata guda a ƙauyukanmu, kin san abin da ke biyo baya ba sai na faɗa miki ba: damina ta faɗi, a tafi gona, da kaka a fara zancen kayan ɗaki. Akwai dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare karatun ƴaƴa mata, amma takarda ba ta yin sallama a zauren mutum. Mutane ne ke yi.

Saboda haka gobe, kafin ki sake tara kowa a gindin gawo, ki je wurin darakta ki faɗa masa komai, har da hoton da aka ɗauka da sunan wanda ya ɗauka in kin san shi. Ki roƙe shi ya je gidan baffan nan da kansa, tare da dattijo guda daga kwamitin kula da makaranta da wata uwa da ake jin nauyinta a unguwar. Kada ki je ke kaɗai, kada kuma a je da niyyar gardama. Mutumin nan marainiya aka bar masa amana, ya buɗe waya ya ga tana karkaɗa jiki a gaban duniya. Ni ban yarda da hukuncinsa ba, ko kusa. Amma na san inda abin ya taɓa shi. A ba shi haƙuri, a yi masa alkawarin ba za ta sake taka rawa ba sai da izininsa, a roƙi abu ɗaya tak, ta koma aji. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In kuma ta dawo ta ce za ta riƙa zuwa rawar a ɓoye, ke ce za ki kore ta.

Yanzu mushenku. Ban san shi ba, wataƙila aji biyar yake koyarwa shi kaɗai, wannan ba baƙon abu ba ne a kwalejojin karkara. Duk da haka bai kyauta ba. An ɗauki kayan babba an aza wa yarinya, ga tarbiyyar yara 22, ga kuɗi, ga mutuncin makaranta, sannan aka juya baya. Rabin abin da kike zargin kanki da shi ba naki ba ne.

Bari in ba ki labarin yadda ake yi a da, don na gani da idona. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya a kowane gari da unguwa, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, yana zagaya manyan garuruwa shekara-shekara. Kafin a kai can sai an yi ta tankaɗe da rairaya tun daga ƙauye, a zo Tasawa ko Mayahi, a wuce Maradi, a fitar da waɗanda za su wakilci jiha. Ni ma na shiga ta unguwarmu, aka zubar da ni tun a zagaye na biyu, wai ina riga kiɗa sauka. Har yau ina ganin zalunci aka yi mini, amma bar wannan. Abin da nake so ki gane shi ne, ba a taɓa barin mu mu kaɗai ba. Akwai sarkin samari, akwai makaɗa dattawa, akwai wata tsohuwa da ke zaune kan tabarma tun daga fari har a tashi, tana tauna goro, ba ta cewa uffan sai ta ga ɗankwali ya zame ko wani saurayi ya matso fiye da kima. Kada ki ɗauka zamanin ba a yi gunaguni ba. An yi, akwai iyayen da suka rantse ɗiyarsu ba za ta je samariya ba. Sai dai in uba ya tambaya wa ke tare da su, akwai sunan da za a ambata masa ya yi shiru. Ke wane suna za ki ambata? Waya da lasifika.

Nan ne gizo ke saƙa. Rawar da kuka kwaso daga waya ba ta da uwa ba ta da uba a Korgom. Ba na zagin ƴan fim, sana'arsu suke yi, su ma da yawa daga finafinan Indiya suka aro salon. Amma manya ne, a gaban kyamara, da saninsu. In aka tsayar da ƴar shekara 12 tana kwaikwayon su, ba wanda zai tashi a garin ya ce wannan tamu ce, ku bar su. Rawar da innar yarinya ta taka a dandali da farin wata kuwa, da wane baki baffa zai kira ta iskanci a gaban matarsa da gwaggonninsa?

To ki nemo wa rawarki iyaye. A makarantu da yawa akwai ƙungiyar iyaye mata, wadda ake kira AME. In taku na da ita, can za ki fara. In babu, innarki ta san tsofaffin da suka yi tashe a gaɗa zamaninsu, kowane ƙauye akwai su, daga Kona har Hawandawaki. Ki je ki gaishe su da ɗan goro, ki ce kin zo ɗaukar karatu. Za su ce gwiwa ta mutu, sun tuba, sun je Makka. Ki yi haƙuri ki zauna. Da an fara tafi za ki ga kafaɗa ta fara motsi da kanta. Biyu daga cikinsu su riƙa zama da ku duk ranar koyo.

Kin ce yara sun yi wa gaɗa dariya. Ai don kin kawo musu ita yadda suka saba ganinta ne. Aikin mai tsara rawa shi ne ya ɗauki tsoho ya ɗinka sabo da shi. Rawar Koroso ta Kano da ake kaiwa ƙasashen waje, a shekarun 1970 aka harhaɗa ta daga raye-rayen Hausa da na Fulani, yau kowa gani yake da ita aka haifi Kano. Raye-rayen samariya ma haka, labari ake ginawa, na noma ko na fari ko na kai amarya, a ba shi farko da ƙarshe. Ke kuwa kayan aiki na tsakar gidanku. Dubi lugude: mata uku kan turmi guda, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, ba wadda ta karo da wata. Wace rawar waya ce ta kai wannan wuya? Sa musu gasa, ki ga ko masu dariyar za su iya. Ɗauki jan guga, ɗauki shiƙa yadda ake ɗaga ƙwarya a bi iska, ɗauki tafiyar mai tulu a ka. Ki jera su su zama yinin ƴar ƙauye daga asuba zuwa dandali, a rufe da gaɗa. Minti bakwai ya isa. Kiɗa kuwa, a kifa ƙwarya a cikin ruwa a samu ƴan sanduna, kin huta da kuɗin caji.

Wajen koyarwa, kada ki fara da ƙafa. A zauna a yi ta tafi har kowa ya riƙe kiɗan a hannunsa, sannan a miƙe. Taku huɗu a rana, a maimaita har ya zauna, kada ki ƙara na biyar don ke kin gaji da su. Abin da kika iya tun kina goye ba ki san yana da wuya ba, shi ya sa gwanaye ba su cika iya koyarwa ba. Yarinyar da kika doka, ki kira ta gefe ki ba ta haƙuri, ba zai rage miki girma ba. Kada ki tura ta layin baya inda ba ta ganin ƙafar kowa. Sa ta kusa da wadda ta fi iyawa, kafaɗa da kafaɗa. In duk da haka abin ya ƙi, ba ta ƙwarya ta kaɗa, ko ta riƙa amshi. Sau da yawa mai nauyin ƙafa tana da kunne. Tsumagiya kuwa ki jefar, ke ba malama ba ce, yayarsu ce, kuma ko malamin ma ba a ba shi wannan izinin ba.

Maganar halal da haram ba fagena ba ne, malamai sun yi saɓani kan kiɗa tun kafin a haifi kakata. Abin da zan ce kawai, a fara nuna wa iyaye mata rawar su kaɗai, mako guda kafin biki, ba namiji ba waya. In sun ce a fitar da ita fili, a fitar. In sun ce a bar ta tsakanin mata, a bar ta nan, ba a yi asarar komai ba.

Kuɗin anko su bar ƙarƙashin gadon innarki yau ɗin nan. Rubuta sunan kowa da abin da ta bayar, ki damƙa wa darakta a gaban shaidu biyu. Da ni ce ma sai a mayar wa kowa dala ɗarinta. Jika goma sha ɗaya ba za ta tufatar da yara 22 ba, kuma wannan rawar zanen uwa da ɗankwali ta fi so.

Sai BEPC. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jarrabawar gwaji ta riga ta yi miki magana. Innarki ba ta yi kuskure ba da ta tsorata. Ban ce ki wanke hannu gaba ɗaya ba, don na ji yadda kika rubuta layin ƙarshe na wasiƙarki. Ki zaɓi ƴan katiriyem biyu masu hankali ki koya musu, su riƙa ja, ke ki zo ranar Asabar kaɗai, awa guda, a tashi kafin magariba don yara su samu ɗebo ruwa. In saura mako uku jarrabawa, ko Asabar ɗin ma ki daina. In darakta ya ce ba babban da zai zauna da ku, to ki ce masa cikin ladabi kin ajiye, kuma Gwaggo ce ta sa ki.

Ki sake rubuto mini bayan sati biyu. Layin farko ya zama labarin mai lissafin nan, ko ta koma aji.

Gwaggonki.