Mota ta ƙi tashi: a bi hanyar wuta kafin a zargi kwamfuta

Manoma da makiyaya na Madawa, Buza da Keita, darasinmu na wannan karo a kan mota ne. Wani zai ce: me ya haɗa manomi da gyaran mota? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Motar a-kori-kura, wadda muke kira bashe, ita ce ke ɗauko albasa daga kwarin Tarka ta kai ta bakin babbar hanya. Ita ce ke kai gero da wake da bisashe kasuwar Tamaske da sauran kasuwanni. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani cikin dare, sau da yawa ita ake nema don a kai ta likita. Ran da ta ƙi tashi, albasa ta yini cikin rana, kasuwa ta watse, mai ciwo kuma ya yi ta jira.

Yau ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwa da yawa suna da motarsu. Ya kamata mai mota da direba su san inda ake fara neman ciwo, don kada kuɗin jama'a ya tafi wajen sayen kayan da ba su lalace ba.

Motar da da motar yanzu

Dattawa sun san Peugeot 404 da 504. An buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Sun kuma san tsofaffin Toyota irin waɗanda suka yi ta hawan duwatsun Adar bayan an fara babban aikin raya karkara na Keita a 1984. Waɗannan motoci wayoyinsu kaɗan ne. Da filaya da sukurdireba makaniki yakan tashe su.

Motocin yanzu dabam suke. Akwai wani ɗan akwati a cikinsu mai suna kwamfuta, wasu suna ce masa ƙwaƙwalwar mota. Shi ne ke auna man da inji zai sha, da lokacin da zai sha shi. Misali ita ce Hilux mai shan gazuwal wadda aka rubuta wa D-4D a jiki. Saboda wannan akwati yana da tsada, kuma ba a ganin cikinsa, da zarar mota ta ƙi tashi sai ka ji an ce: “Kwamfuta ce ta mutu.” Sau da yawa ba haka ba ne. Kwamfuta ba ta saurin lalacewa. Mafi yawan ciwon yana ga batir, ko wayoyi, ko wani ƙaramin abu mai araha.

Yadda wuta ke tafiya

Masu noman rani za su gane wannan da sauri. Batir kamar rijiya yake. Wayoyi kamar hanyoyin ruwa suke. Demarer, wato ƙaramin injin lantarki mai juya babban inji, shi ne fangalin da ake son ruwa ya isa. Idan ruwa bai isa fangali ba, manomi ba ya fara tumɓuke albasa. Sai ya leƙa rijiya tukuna, sannan ya bi hanyar ruwa har ya ga inda ta toshe ko ta ɓalle.

Bambanci ɗaya ne. Ita wuta dole ta koma inda ta fito. Tana fita ta kan batir mai alamar (+), ta yi aikinta, ta dawo ta jikin ƙarfen mota zuwa kan batir mai alamar (–). Wayar da ta haɗa batir da jikin mota da inji ana kiranta mas. Idan mas ya saki ko ya yi tsatsa, mota ba za ta tashi ba, ko da batir sabo ne.

Mataki na 1: saurara, ka duba

Murɗa makulli, ka kasa kunne, ka dubi fitilun gaban direba. Ɗaya daga cikin abubuwa huɗu zai faru.

1. Shiru, ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Wuta ba ta fito daga batir ba. Ko batir ya mutu, ko kansa ya saki, ko babban fizibil ya ƙone.

2. Ana jin “kat-kat-kat” da sauri, fitilu suna dushewa. Wuta ta fito amma ba ta da ƙarfi. Batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi datti.

3. An ji “kat” sau ɗaya, ko shiru, amma fitilu suna nan da haskensu. A nan ana zargin demarer, ko wayarsa, ko makunnin makulli.

4. Inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba. Batir da demarer sun yi aikinsu. A nan ne kawai ake fara maganar mai da kwamfuta.

Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a murɗawa ɗaya. Ka saki, ka bar demarer ya huce. Yawan matsa masa yana ƙone shi.

Mataki na 2: batir

Batirin mota yana da ɗakuna 6. Idan ya cika yana ba da bolt 12,6. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Akwai ƴar na'ura ta auna shi mai suna miltimetir. Ba ta da tsada, kuma duk wanda ya iya karanta lambobi zai iya aiki da ita. Ga abin da lambobin ke nufi:

12,6 inji a kashe: batir a cike yake.
12,2: rabi ya rage.
Ƙasa da 12: batir ya yi sanyi ƙwarai, sai an yi masa caji.
Lokacin murɗa makulli: kada ya sauka ƙasa da 9,6. Idan ya sauka, batir ya gaji.
Inji yana aiki: tsakanin 13,5 da 14,5.

Lamba ta ƙarshe ita ce ke nuna lafiyar altarnater, wato na'urar da ke mayar wa batir wuta idan mota tana tafiya. Idan lambar ba ta wuce 12 da ɗoriya ba, altarnater ba ya caji. Duba igiyar robar da ke juya shi, ko ta saki ko ta tsinke. Wanda ya sayi sabon batir bai gyara wannan ba, bayan kwana kaɗan sabon ma zai mutu.

Zafin bazara maƙiyin batir ne. A watannin Afirilu da Mayu ruwansa yana saurin ƙafewa. Idan batirinka mai marufai ne, ka riƙa buɗewa kana dubawa. Ruwa ya rufe farantan da ke ciki. Idan ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir kaɗai. Ruwan rijiya yana da gishiri da ƙasa, yana kashe batir. Kada kuma a ƙara asid.

Da sanyin hunturu kuwa, injin gazuwal yana yin nauyi da safe. Murɗa makulli rabi, ka jira fitila mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu, sannan ka tayar.

Mataki na 3: kan batir, mas da fizibil

Girgizar hanyar dutse tana kwance noti. Kama kan batir ka jijjiga. Idan ya motsa, ka sami ciwon. Idan ka ga farin gari ko kore a kansa, tsatsa ce mai hana wuta wucewa. Cire wayar (–) da farko, sannan ta (+). Wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. Kankare har ƙarfe ya yi haske. Mayar da (+) da farko, (–) daga ƙarshe, ka ɗaure tam. Bi wayar mas har inda aka ɗaure ta a jikin inji, ka yi mata haka ita ma.

Fizibil ɗan ƙaramin abu ne mai siririyar waya a ciki. An yi shi don ya ƙone shi kaɗai idan wuta ta yi yawa, ya ceci sauran kaya. Kowane yana da lamba a bayansa: 10, 15, 20 ko 30. Idan ya ƙone, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Idan sabon ma ya ƙone nan take, akwai wayar da ta feƙe tana taɓa ƙarfe. Motar da ke dakon hatsi tana jawo ɓeraye, su kuwa suna cin rigar waya. Sai an nemo wurin an naɗe.

Mataki na 4: demarer

Idan batir lafiya, kansa tsaf, fitilu da haske, amma “kat” ɗaya kawai ake ji, to a duba demarer. A cikinsa akwai ƴan guntayen gawayi masu cinyewa da yawan aiki. Wani lokaci idan aka ƙwanƙwasa jikinsa a hankali da sanda, yakan tashi. Wannan ba magani ba ne, alama ce cewa gawayin ya kusa ƙarewa. A kai shi wurin mai gyara. Sauya gawayi ya fi sayen sabon demarer sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na 5: mai da kwamfuta

Inji yana juyawa amma bai kama ba? Fara da mai. Akwai shi a tanki? Matatar mai ba ta toshe ba? Man da aka saya a kwalba ko jarka bakin hanya yakan zo da ruwa ko ƙura, kuma sabon injin gazuwal ba ya jure wannan. Kada ka kwance bututun mai na irin wannan inji yana juyawa. Ƙarfin man da ke ciki yana iya huda fatar mutum.

Sannan ka dubi fitila mai siffar inji a gaban direba. Idan aka murɗa makulli rabi, dole ta kama. Idan inji ya tashi, sai ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, wataƙila wuta ba ta isa kwamfuta ba: a duba fizibil ɗinta da mas ɗinta. Idan ta kama ta ƙi mutuwa, kwamfuta ta ga wani ciwo ta ajiye shi.

Kwamfuta tana da ƴan rahoto a jikin inji, masu gyara suna ce musu kapter. Ɗaya yana gaya mata inji yana juyawa. Idan wayarsa ta tsinke, ko ruwan korama ya shiga mahaɗinsa da damina, kwamfuta ba za ta saki mai ba. Wasu motoci kuma suna da ɗan abu cikin kan makulli wanda kwamfuta ke ganewa. Makullin da aka yanka a kasuwa zai juya inji, amma mota ba za ta tashi ba.

Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wani mahaɗi mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu daga 2001. A nan mai gyara ke soka na'urar bincike, ta nuna lamba. Misali, P0335 tana nufin saƙon kapter mai lura da juyawar inji bai zo daidai ba. A lura: lambar tana nuna unguwar da ciwo yake, ba ta nuna gidan ba. Yana iya zama kapter, yana iya zama wayarsa kawai. Ka sa a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge ta. Kada ka yarda a sauya kwamfuta sai an nuna maka cewa wuta da mas suna isa gare ta.

Dabarun da ke kashe kwamfuta

Abin da ya yi wa tsohuwar mota amfani yana iya hallaka sabuwa.

Kada a cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji.
Kada a sa waya ko takardar sigari a madadin fizibil.
Kada a yi walda a jikin mota batir yana haɗe.
Kada a jawo wuta daga babbar mota mai bolt 24 zuwa mai bolt 12.
Kada a wanke inji da ruwa mai ƙarfi.

Idan za a ɗauko wuta daga wata mota, a haɗa (+) da (+). Sannan a haɗa (–) na mota mai lafiya da ƙarfen injin mota maras lafiya, nesa da batir. Juya wayoyin nan ko na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙone kwamfuta da altarnater. Turi kuma ba ya tayar da mota mai kwamfuta idan batir ya mutu murus, don ita kanta kwamfutar sai da wuta take aiki.

Lafiyarka da ta iyalinka

Ruwan batir asid ne, yana ƙone fata, yana makantarwa. Idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15 ko fiye, sannan a garzaya likita. Batir yana fitar da iska mai kama wuta: ban da sigari, ban da ashana kusa da shi. A cire zobe da agogo kafin a taɓa shi.

Farantan cikin batir na dalma ne, dalma kuwa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. A unguwar Caroy ta bakin teku, kusa da Dakar a Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008, saboda ana fasa tsofaffin batura a cikin unguwa don a ciro dalma. Kada a fasa batir a gida. Kada a mayar da kwankonsa abin ban ruwan kaji ko awaki. Kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko garka. A mayar da tsohon ga mai sayar da sabo.

Abin tunawa

A fara da mai sauƙi, a ƙare da mai tsada: batir, kan batir da mas, fizibil, demarer, mai, sannan kwamfuta. Ƙungiya ta ajiye miltimetir, fizibil na ko-ta-kwana da littafi cikin mota. A riƙa rubuta ranar da aka sayi batir da duk gyaran da aka yi. A duba batir sau ɗaya a mako, musamman kafin kwasar albasa da kafin faɗuwar damina. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne aikin wayar mas?
2. An auna batir inji yana aiki, an sami 12,1. Me ake zargi?
3. Wace waya ake fara cirewa daga batir?
4. Don me ba a sa waya a madadin fizibil?
5. Me ake yi da tsofaffin batura a garinku? Me ya kamata a gyara?