Nazari a Kan Rayuwa da Matsayin Ƙudan Mushe na Dyscritomyia a Tsibiran Hawai

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi wani ƙudan mushe da ba a samun sa ko'ina a duniya sai a tsibiran Hawai na tekun Fasifik. An yi amfani da kalmar dangi ga babban rukuni, zuriya ga na tsakiya, nau'i kuma ga ƙarami.

2.0 Matsayinsa a Rabe-raben Halittu

Ƙudan na cikin dangin Calliphoridae, wato ƙudajen da akasarinsu kan yi ƙwai a jikin mushe. Masanin ƙwari Percy Grimshaw ne ya raɗa wa zuriyar suna Dyscritomyia a shekarar 1901. A 1981, an sake bitar ta, kuma nau'o'inta sun haura 20. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna kusancinta da Lucilia, zuriyar koren ƙuda da ta bazu a nahiyoyi, har wasu masana na ganin reshe ce a cikinta. Wannan na nufin kakanninta sun iso tsibiran ne daga waje, sannan keɓewa ta sa suka rarrabu.

3.0 Rayuwa da Hayayyafa

Akasarin ƙudajen mushe kan zuba ƙwai masu yawa a lokaci guda. Macen Dyscritomyia kuwa tana riƙe ƙwan a cikinta har ya ƙyanƙyashe, ta haifi tsutsa ɗaya. Dabarar ta dace da muhallin da mushensa ƙanana ne, domin kafin zuwan ɗan Adam babu mai shayarwa a doron tsibiran sai jemage. Ana danganta abincin tsutsar da gawar dodon-koɗi da ta tsuntsaye.

4.0 Barazana

Mai haihuwa ɗaya-ɗaya ba ya saurin farfaɗowa idan ya ragu. Ɓeraye da dodon-koɗin Euglandina rosea, wanda aka shigo da shi a 1955, sun yi wa dodon-koɗin tsibiran mummunar ɓarna. Baƙin ƙudaje irin su Chrysomya megacephala su ma sun kafu a can. A yau an fi samun Dyscritomyia a dazuzzukan kan duwatsu.

5.0 Kammalawa

Rabe-raben halittu na da alaƙa da kiyaye su, domin ba a iya lissafa nau'in da ba a tantance ba, balle a gane raguwarsa. Makomar wannan ƙuda kuwa ta rataya ne a kan dazuzzukan da suka rage da dodon-koɗin da ke cikinsu.